Na haɗa garin ɓawon ƙwai da kaitosan amma abun sai fashewa yake, ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar sinadarai, ina shekarar ƙarshe, projek ɗina akan yin wani abu ne mai ƙarfi da zai kwaikwayi ɓawon ƙumba ta hanyar haɗa folima (sinadari mai dogayen sarƙoƙi) ta halitta da ma'adini. Na karanta cewa ɓawon kusan duk alli ne sai ɗan furotin kaɗan, shine na daka ɓawon ƙwai ya zama gari na tankaɗe, na narkar da kaitosan, folimar nan da ake samowa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, cikin asetik asid na juye garin a ciki na gauraya na zuba a faranti ya bushe. Lokacin da nake juyawa yayi ta kumfa, daga baya yayi gudaji gudaji, da ya bushe kuma da yatsa ma sai ya ruguje. Na ƙara yawan garin abun ya ƙara lalacewa. Dan Allah a ina nake kuskure, kuma su masu yin irin wannan aikin wace hanya suke bi? Nagode.

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Abu biyu ne suka haɗu miki, ɗaya na sinadari ne kuma shine ya kawo kumfar, ɗayan na tsarin ginin ne, shi kuma ko da kumfar bata zo ba zai kayar dake. Bari in fara da mai sauƙin.

Kaitosan baya narkewa a ruwa zalla sai ruwan yayi tsami, shi yasa kowa ke saka shi a asetik asid na kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Ɓawon ƙwai kuma kusan kashi 95 cikin ɗari kalsiyam kabonet ne, toh asid da kabonet basa zama waje ɗaya, suna haɗuwa asid ɗin zai fara cin garin yana sakin iskar kabon dayoksaid, kumfar da kika gani kenan. Duk ƙwayar kumfar da ta maƙale a ciki har abun ya bushe ta zama rami, kuma daga bakin rami tsaga take tashi. Sannan yayin da garin ke cinye asid ɗin pH na ta hawa, wato tsamin na raguwa, yana kaiwa wajen 6.5 sai kaitosan ya daina zama a narke ya dunƙule, gudajin kenan. Kinga ƙara garin da kikayi ya ƙara saurin abubuwan biyu ne lokaci ɗaya. A ƙarshe abunda ke farantin gari ne a gefe, dunƙulen folima a gefe, ramuka a tsakani.

Yanzu mu zo kan babban. Abun da kike son kwaikwaya shine shimfiɗar nan mai walƙiya ta cikin ɓawon ƙumba da kawar lu'ulu'u, wadda ake kira neka. Gaskiya ne kusan kashi 95 nata aragonayit ne, wato wani nau'in kalsiyam kabonet, sauran kashi 5 ɗin kaitin ne (folimar da ake samo kaitosan daga gare ta) da furotin. Amma in kika karya ta kika duba gefen a maikroskof na lantarki abunda zaki gani ginin bulo ne sak: ma'adinin yana zaune a matsayin ƙananan faifai masu faɗi, kowanne kaurinsa wajen rabin maikron (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) faɗinsa kuma maikron 5 zuwa 10, an jera su layi bisa layi, gaɓar wannan layin bata faɗa kan gaɓar na ƙasansa ba, folimar kuma ita ce simintin, kaurinta bai wuce nanomita 20 zuwa 30 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikron). Wannan walƙiyar mai launuka ma daga nan ta fito, kaurin faifan ya zo kusan daidai da tsawon zangon hasken da ido ke gani shi yasa hasken ke rarrabuwa.

Me wannan jerin ke yi? Ma'adini shi kaɗai yanada tauri amma yanada gautsi, tsaga na samun ƙofa zata ratsa shi kai tsaye har ƙarshe ba tare da wani abu ya tare ta ba. A cikin neka tsagar bata samun miƙaƙƙiyar hanya, tana tafiya kaɗan sai ta ci karo da faifai, dole ta kauce ta bi ta cikin folima mai laushi ta zagaya, ta sake cin karo da wani, kowace kwana kuma tana cin ƙarfinta. A bayan tsagar kuma faifan basa karyewa, zamewa suke akan juna a hankali, kuma zamewar ba a banza take ba domin fuskar faifan ba sumul take ba, tanada ƙananan ƙuraje da ke cije juna, akwai siraran gadoji na ma'adini da suka ratsa folimar suka haɗa faifai da faifai, faifan kansu sunada ɗan lanƙwasa ta yadda in ɗaya ya zame yana ƙara matsewa ne, sai wajen ya ƙi ci gaba da zamewa ya tura aikin ga maƙwabtansa. Furotin ɗin ma a naɗe yake, in aka ja shi sai ƙananan ɗaurinsa su dinga kwancewa ɗaya bayan ɗaya kafin babbar igiyar ta tsinke. Tun shekarun 1970 da 1980 masu bincike a Ingila irin su John Currey suka auna wannan, daga aikinsu ne aka samo adadin nan da zaki gani a gabatarwar kusan kowace takarda, cewa ƙarfin da ake kashewa wajen karya neka ya kai ninki 3000 na aragonayit zalla. Kiyi hattara da adadin nan in zaki saka a rahotonki, lissafin makamashin karyawa ne, in aka auna ta ɗaya ma'aunin na juriyar tsaga ninkin bai kai haka ba ko kusa, kuma malamin da ya san fannin zai iya tsayar dake a kai ranar difens.

Toh kwatanta da garinki. Ƙwayar garin da aka daka dunƙule ce, tsawonta da faɗinta da kaurinta kusan ɗaya, girmanta kuma gomman maikron ne ko fiye, wata babba wata ƙarama. Ƙwaya irin wannan bata da faɗin fuskar da folima zata kama ta miƙa mata nauyi, bata iya jeruwa, kuma da yake babba ce tana ɗauke da nata tsagogin daga dakan. Ƙanƙantar faifan neka na daga cikin sirrin, ƙaramin abu bashi da wajen ɓoye babban aibi. Kuma in kika cika garin, ƙwayoyin sai su taɓa juna ba folima a tsakani. Shi yasa nake gaya wa ɗalibai kullum su daina kallon kashi 95 ɗin nan a matsayin abun cimma, wanda ya samu kashi 50 a jere ya fi wanda ya cusa 90 a hargitse nesa ba kusa ba.

Hanyoyin da ake bi a leb duk ƙoƙarin samun wannan jerin ne, kowa da dabararsa.

Wadda ta fara yin suna ita ce ta tsomawa. Ana ɗaukar gilas a tsoma cikin ruwan folima mai caji na fositif, a ɗauraye, a tsoma cikin ruwan yumɓu mai caji na negetif, a ɗauraye, a sake komawa. Nicholas Kotov da mutanensa a Amurka sun fitar da wannan a 2003, sannan a 2007 suka fitar da wani mai ƙarfin gaske. Jerin yana fitowa tsaf amma kowane zagaye nanomita kaɗan yake ƙarawa, sai kinyi ɗaruruwan tsomawa kafin ki samu kaurin maikron ɗaya ko biyu, in babu na'urar da ke tsomawa da kanta ban baki shawara ba.

Yumɓun da ake amfani dashi shine montmorilonayit, sunan daga wani gari ne a Faransa, shine babban abunda ke cikin bentonayit. In aka jiƙa irin mai sodiyam ɗin a ruwa aka juya shi sosai yana rabuwa zuwa faifai masu kaurin nanomita ɗaya kacal, faɗinsu kuma ya ninka kaurin ɗaruruwa, wato bulon da kike nema Allah ya riga ya yanka shi. Wajen 2010 Andreas Walther da Olli Ikkala a Finlan suka nuna ba sai anyi tsomawar ba, a bar folima ta lulluɓe kowane faifai a cikin ruwa tukuna, sannan a tace ruwan ko a bar shi ya bushe, faifan zasu kwanta da kansu kamar yadda ake yin takarda. A 2010 ɗin ma rukunin Shu-Hong Yu a ƙasar Sin sukayi irin haka da kaitosan da montmorilonayit. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace dake, zan dawo kanta.

Akwai ta ƙanƙara, ita kam dabara ce mai burgewa. In ruwan teku na daskarewa ƙanƙarar bata karɓar gishiri, tura shi take gefe ya taru tsakanin zanen ƙanƙarar. Sylvain Deville da Antoni Tomsia da abokan aikinsu a ɗakin binciken Lawrence Berkeley na Kalifoniya suka ɗauki wannan a 2006: a dama garin ma'adini cikin ruwa, a sanyaya daga ƙasa kawai, ƙanƙara ta tsiro sama falle falle tana tura garin tsakaninta, sai a cire ƙanƙarar ta hanyar busarwar sanyi inda take zama tururi ba tare da ta narke ba, abunda ya rage bango bango ne na ma'adini da fili a tsakani, sai a cika filin da folima a matse. In aka daskarar da sauri fallen na fitowa sirara, in a hankali masu kauri. Ki lura firiza ta gida bata yin wannan domin sanyin ta ko'ina yake shiga, ƙanƙarar sai ta tsiro ta kowace fuska. A Zurik ta Suwizalan kuma André Studart da abokan aikinsa sun jera faifan alumina, wani ma'adini mai tauri, cikin kaitosan a 2008, daga baya a 2012 suka shafa wa faifan ɗan ƙurar ƙarfe mai jin maganaɗisu suka dinga juya su duk inda suke so da maganaɗisu mai rauni.

Duk waɗannan jera bulon da aka riga aka yi ne. Dabbar kuma ba haka take ba, ita simintin take fara shimfiɗawa sannan ta shuka bulon a ciki. Tana fara gina ɗakuna na kaitin, sai ta saki wasu furotin masu asid da yawa a jikinsu waɗanda ke kama kalsiyam, ma'adinin kuma baya fara fitowa a matsayin kiristal, yana fara taruwa ne a wani yanayi marar tsari mai ɗauke da ruwa wanda ke iya cika kowane irin gurbi, sai daga baya ya rikiɗe ya zama kiristal da siffar ɗakin. Lia Addadi da Steve Weiner na cibiyar Weizmann a Isra'ila sun daɗe akan wannan, a 1996 suka nuna cewa furotin ɗin ɓawon ne ke zaɓar ko kalsayit, wato ɗaya nau'in kalsiyam kabonet ɗin, zai fito ko aragonayit. Laurie Gower a Florida ta nuna cewa in aka saka ɗan foli-asfatik asid a ruwan kalsiyam ana samun wannan yanayin mai kama da ruwa a leb, har yana iya kutsawa cikin zaren furotin ɗin kolajin ya zama haidroksiyafatayit a ciki, wanda shine yadda ƙashinmu yake, kolajin da kalsiyam fosfet. Rukunin Yu ɗin nan a 2016 sun haɗa dabarun biyu, sukayi ɗakunan kaitosan da ƙanƙara, suka mayar dashi kaitin, suka dinga tura ruwan kalsiyam mai ɗauke da magniziyam da foli-akrilik asid ta ciki har ya cika da aragonayit, suka zuba furotin ɗin siliki suka matse da zafi. Abun da suka samu ya kai wajen kashi 90 na ma'adini kuma yayi kama da na asali ƙwarai, cikin makonni, alhali dabbar shekaru take ɗauka. Har ƙwayoyin bakteriya an saka aikin, Anne Meyer da abokan aikinta a 2019 sun yi amfani da wata bakteriya mai fasa yuriya tana zubar da kalsiyam kabonet, wata kuma tana yin folimar, layi bayan layi.

Wani abun da ke jan hankalin masu bincike a nan shine zafi. Siminti sai an gasa shi a wajen digiri 1450, kayan tangaran na injiniya ma sai sun sha wuta sama da digiri 1000, ita kuma ƙumba a cikin ruwan sanyi take nata.

Yanzu ga abunda zan yi in nine ke. Ki ajiye garin ƙwan tukuna ki nemi sodiyam montmorilonayit. Ki dama kamar rabin giram zuwa giram ɗaya cikin mililita 100 na tataccen ruwa, ki bar shi akan na'urar juyawa kwana ɗaya aƙalla, in ya fi haka ma yafi kyau, sannan ki ajiye shi manyan ƙwayoyin da basu rabu ba su kwanta, ki tsiyaye na saman shi kike so. Yumɓu baya kumfa da asid mai rauni irin naki, kuma fuskarsa negetif ce, kaitosan a cikin asid fositif ne, kinga zasu kama juna da kansu. Ki dinga ɗiga ruwan yumɓun cikin ruwan kaitosan a hankali kina juyawa, kar ki juye gaba ɗaya domin kamun nasu nada ƙarfi zasu iya dunƙulewa nan take. In kinada santirifuj, na'urar nan mai juyawa da gudu don abu mai nauyi ya kwanta, ki juya ki zubar da rarar folimar da bata kama komai ba ki sake dama abunda ya kwanta. Sai ki tace ta takardar tacewa mai ƙananan ƙofofi da famfon zuƙa, ko ki zuba a farantin roba ki bar shi ya bushe a zafin ɗaki kwanaki. Kar ki saka a oven don sauri, saman zai bushe ya yi fata ya kulle ruwan ƙasa, sai ya nannaɗe ya tsage. Kiyi samfuri kala kala, na kaitosan zalla, na kashi 20, 40, 60 na yumɓu, zaki ga taurin na hawa yayin da miƙewar ke sauka, wajen da suka daidaita shine sakamakonki.

In kuma supabaizanki ya dage sai ɓawon ƙwai, domin na san ana son batun amfani da shara a projek, toh ki mayar dashi tushen kalsiyam kawai. Ki narkar dashi da gangan cikin asid ki tace ki daidaita pH, kin samu ruwan kalsiyam. Kiyi siririn fallen kaitosan akan gilas, ki wanke shi da ruwan sodiyam haidroksaid mai rauni don ya daina narkewa, ki nutsar dashi cikin ruwan kalsiyam ɗin da ɗigon foli-akrilik asid kaɗan, ki rufe su cikin desiketa, wato kwanon gilas mai murfin da iska bata shiga, tare da buɗaɗɗen kwanon amoniyam kabonet. Iskar da ke tashi daga kwanon zata shiga ruwan a hankali, kabonet ɗin ya tsiro shimfiɗe akan kaitosan ɗin. Takashi Kato na Jami'ar Tokyo yayi aiki sosai akan wannan hanyar. In kika saka magniziyam yana karkata abun zuwa aragonayit. Sai ki sake shafa kaitosan ki maimaita. Ko kuma ki canja folimar zuwa aljinet, wanda ake cirowa daga ciyawar teku, shi yana narkewa a ruwa ba tare da asid ba kuma kalsiyam ɗaure sarƙoƙinsa yake, sai dai matsalar siffar ƙwayar garin tana nan bata tafi ba.

Sai batun laima, wanda shine ke kunyata wannan fannin gaba ɗaya. Neka ta asali a jiƙe ta fi juriya akan a bushe domin ruwan na tausasa folimar daidai gwargwado. Namu na leb kuma akasin haka ne, kaitosan da aljinet da selulos duk masu shan ruwa ne, yumɓun ma haka, fallen da yayi tauri a busasshiyar iska zai iya yin laushi sosai in iska tayi danshi. Ana rage wannan da ɗaure sarƙoƙin folimar da juna, glutaraldihaid ne aka fi sani kuma yana aiki amma guba ne, yana ƙona ido da huhu, sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu, kuma in abun na jikin mutum ne ko na kunshe abinci gara jenifin ko sitrik asid. Ki kiyaye kar ki ɗaure da yawa, in folimar ta sandare faifan bazasu iya zamewa ba, kin koma gautsin da kika gudo.

Wannan laimar da wahalar yin abu mai kauri su suka sa har yanzu baki ga ana gina gada da neka ta leb ba. Inda abun yafi tafiya shine inda siriri ya wadatar: shafi akan robar kunshi domin iska sai ta zagaye faifan kafin ta wuce, shafin hana kamawar wuta irin wanda Jaime Grunlan a Texas yayi da kaitosan da yumɓu akan soso, da kuma soson kolajin da haidroksiyafatayit da likitoci ke cike gurbin ƙashi dashi, shi wannan ba'a buƙatar ya ɗauki nauyi sosai, jiki ne zai cinye shi ya gina nasa.

Wajen gwaji kuma abu na farko hoton maikroskof na lantarki ne na gefen da kika karya, ba saman ba, in layuka sun fito toh kinada hujjar cewa kin kwaikwayi neka, in basu fito ba kar ki rubuta hakan a taken aikin. Gwajin eksrai zai nuna miki ko tazarar faifan yumɓun ta ƙaru daga wajen nanomita 1.2 da take dashi, alamar folima ta shiga tsakani. Ki ƙona ɗan samfuri ki auna tokar don sanin ainihin kason ma'adinin, domin abunda kika zuba ba lallai shine ya zauna ba musamman in kin zubar da rarar folima. Gwajin ja kuma ki yanka aƙalla guda biyar daga kowane samfuri da reza mai kaifi, gefen da ya ɗan tsage zai baki ƙaramin adadi na ƙarya, ki ajiye su duka a danshi ɗaya na kwana biyu kafin ki ja su, yawanci kashi 50 ake amfani dashi a digiri 23, kuma ki rubuta danshin kusa da kowane adadi a teburinki.